Ɗan Gidan Wa Ne? Bashin da Garinmu Yake Bin Mu

Duk wanda ya bi jerin sunayen manyan Arewa zai ga kamar taswira yake karantawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari, Aminu Kano, Isa Kaita, Abubakar Rimi, Attahiru Jega, kowane ɗayansu sunan gari ne ya rufe sunansa. Wasu ma ba su tsaya ga gari ba, unguwa suka ɗauka: Yakasai da Bakin Zuwo unguwanni ne a cikin birnin Kano, 'Yar'aduwa kuma unguwa ce a Katsina. Bayanin da aka fi yi game da wannan al'ada shi ne, makarantun boko na zamanin Turawa sun buƙaci suna na biyu domin rajista, yaron Hausa kuwa yana jin nauyin ambaton sunan mahaifinsa a bainar jama'a, sai aka riƙa bambanta Abubakar da Abubakar da garin da kowa ya fito. Ko ma mene ne mafarin, abin ya zauna, har ya zama mutum yana yawo da garinsu a katin shaidarsa, da fasfo ɗinsa, da ƙofar ofishinsa.

Kishin gari bai ragu a cikinmu ba. Muna da zaurukan WhatsApp na 'yan gari da na tsofaffin ɗalibai, muna musu a Facebook kan wane sarki ya fi iya hawa, muna kai ruwa rana idan wani ya taɓa tumbin giwa ko ɗakin kara. Abin da nake son mu duba a wannan makon shi ne gindin wannan alfahari. A ganina, abin da muke kira kishin gari godiya ce ga wani aiki da aka yi a kanmu muna yara, aikin da mutane da yawa suka yi tarayya a cikinsa ba tare da an biya su ba. Mu da muka yi karatu muka samu aiki, mun riƙe alfaharin, aikin kuma mun ajiye shi. 'Ya'yanmu ne za su biya kuɗin wannan ajiyewa.

Yadda unguwa take renon yaro

Idan dattijo ya ga yaro yana jifan kare ko yana zagi a lungu, tambayar farko da zai yi ita ce, “Kai, ɗan gidan wa ne?” Sau da yawa ma ba ya buƙatar amsa, ya riga ya ga kamannin uban a fuskar yaron. Wannan tambaya ita ce ginshiƙin tarbiyyar unguwa. Tana sanar da yaro cewa an san shi, kuma abin da ya aikata ba zai tsaya a kansa ba, zai koma kan wani gida mai suna da mutunci.

Ginin kansa yana taimakawa. Gidan Bahaushe na gargajiya yana farawa ne da zaure, wanda rabinsa na gida ne, rabinsa na titi. A nan maigida yake karɓar baƙi, a nan maƙwabta suke haɗa kwanonin tuwo su ci tare bayan sallar isha'i, a nan malam yake karantar da yara. A waje ga dakali, inda tsofaffi suke wuni. Lungunan cikin birni ƙanana ne, da ƙafa ake bin su, saboda haka yaro ba zai je makarantar allo ya dawo ba sai ya wuce idanu ashirin da suka san shi, kuma dole ya rusuna ya gaida kowa.

Sannan yaro a wannan tsari ma'aikaci ne mai muhimmanci. Enid Schildkrout, masaniyar halayyar al'umma daga Amurka, ta yi bincike a unguwannin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda cinikin matan kulle ya dogara kacokan a kan yara. Namiji baligi iyakarsa zaure, mace mai aure ba ta fita da rana, yaro ne kaɗai yake da ikon shiga kowane gida. Shi ake aika cefane, shi yake kai kuɗin adashi, shi yake kai tuwon maƙwabta, shi yake sanar da haihuwa da rasuwa. Kafin ya kai shekara goma ya san wace ce mai faɗa, wane ne mai rowa, yadda ake sallama, yadda ake isar da saƙo ba a ƙara ba a rage, da yadda ake dawo da canji cif. Amana ba a bakin malami kaɗai ya ji ta ba, an damƙa masa ita a hannu, an kuma bincika ko ya riƙe.

Al'adar kunya ma tana da nata aikin. Iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa nuna masa so a fili, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ko kawu ne suke ɗaukarsa riƙo. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta raini 'ya'ya ta aurar da su, kuma babu wanda ya ɗauke ta marar 'ya'ya. Hikimar da ke ciki ita ce ba a barin yaro a hannun mutum biyu kaɗai. Idan uba mai zafi ne, akwai kakan da za a gudu wurinsa a yi wasa. Idan uwa mai sakaci ce, akwai gwaggon da ba ta ɗaukar raini. Idan aka yi rashi, maraya yana da wurin faɗawa, domin tun asali ƙafarsa ɗaya tana wani gida.

A tsohon birni, unguwa har sana'a take bai wa yaro. Ƙofar Mata da rini, Soron Ɗinki da ɗinki, Dukawa da aikin fata, Madabo da karatu. Da dare kuma akwai dandali, inda 'yan mata suke gaɗa, maza suke langa da kokawa, ga tashe idan azumi ya kai kwana goma. A dandali yaro yake koyon abin da babba ba zai iya koya masa ba: yadda ake shan kaye ba a yi kuka ba, yadda ake raba faɗa, yadda ake zama shugaba da yadda ake bin shugaba.

A 1974, Anthony Kirk-Greene ya gabatar da wani nazari kan abin da Bahaushe yake nufi da mutumin kirki, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Mai karatu ya sake duba jerin. Kusan babu ɗaya daga cikinsu da za a iya koya a ɗaki a rufe. Karamci sai da baƙo, haƙuri sai da mai ɓata rai, kunya sai da wanda ake jin kunyarsa. Halin kirki irin na Bahaushe abu ne da ake yi a gaban mutane kuma saboda mutane, don haka sai da mutane ake koyonsa.

Idan aka tace duk wannan, abu uku ne suke sa unguwa ta iya reno. Na farko sanayya: an san yaro, an san gidansu. Na biyu izini: kowane babba yana da damar tsawatarwa, kuma uba zai yi godiya idan an yi. Na uku daɗewa: mutanen da suka ga haihuwarka su ne za su je neman aurenka, su ne za a tambaya halinka. Wanda ya san zai zauna da mutane shekara hamsin yana taka-tsantsan da su.

Ba mu kaɗai muka gano wannan ba

Kada a ɗauka wannan begen zamanin da ne kawai. A 1997, Robert Sampson da abokan aikinsa biyu sun buga wani bincike a mujallar Science, wanda suka yi a unguwanni 343 na birnin Chicago a Amurka, suka tambayi mutum sama da 8,000. Daga cikin tambayoyin akwai: shin maƙwabtanka za su sa baki idan suka ga yara sun gudu daga makaranta suna zaman banza a bakin titi? Idan suka ga yaro yana yi wa babba rashin kunya fa? Idan faɗa ya kaure a ƙofar gidansu fa? Sakamakon ya nuna cewa unguwannin da maƙwabta suka yarda da juna kuma suke shirye su sa baki sun fi ƙarancin tashin hankali, ko da an yi la'akari da talauci da sauran bambance-bambance. Abin da dattijon kan dakali yake yi ke nan ba tare da ya san yana da suna a jami'a ba. Addini ma ya riga ya kafa wannan: aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta sa maƙwabci na kusa da na nesa cikin waɗanda aka wajabta kyautata musu, a jere ɗaya da iyaye da dangi da marayu.

Inda idon unguwa yake cutarwa

Adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren, domin akwai waɗanda suka bar garinsu da gudu, kuma suna da hujja. Idon da yake tsare yaro daga ɓata shi ne kuma yake danne wanda ya fita daban. Yarinya nawa aka cire daga makaranta don kada a ce ta yi girma a gida? Yaro nawa mai yawan tambaya aka kira fitsararre har ya koyi yin shiru? Tsoron “me mutane za su ce” ya hana ɓarna da yawa, ya kuma binne baiwa da yawa.

Mafi muni shi ne rufa-rufa. Inda sunan gida ya fi komai, idan babba ya ci zarafin yaro, sau da yawa sunan ake karewa, a bar yaron da ciwonsa. A kira taron dattawa, a ce a yi haƙuri, a rufa wa juna asiri, wanda ya yi laifin ya ci gaba da zama a sahun gaba. Izinin da aka bai wa kowane babba ya hukunta yaro ya faɗa hannun azzalumai ma, kuma yaron da aka koya wa cewa babba ba ya ƙarya ba shi da bakin kai ƙara. Talla da aike da suka koya wa yara ciniki su ne kuma suka jefa 'yan mata da yawa cikin haɗari a tasha da kasuwa. Haka nan sanin asalin kowa yana zama sarƙa: har yau akwai gidajen da za su hana aure don kakan yaro mahauci ne ko wanzami, ko da shi yaron likita ne.

Kishin gari kuma idan ya rasa tarbiyya, daba yake zama. Faɗan 'yan daba a Kano yawanci da sunan unguwa ake yinsa, wannan lungu da wancan, yaran da kakanninsu suka yi sallah a masallaci ɗaya. Ƙauraye a Katsina, sara-suka a Bauci, kalare a Gombe, duk matasa ne masu neman inda za a san su a kuma ji tsoronsu, bayan unguwar da ya kamata ta ba su matsayi ta kasa. A matakin ƙasa, wannan kishin ne ya zama takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda take hana yaron da aka haifa a gari, aka haifi ubansa a nan, gurbin karatu ko aikin gwamnati. Hausawan Jos sun san ɗacin wannan, kuma rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya suna da alaƙa da tambayar wane ne ɗan gari. Ya kamata wanda ya ji zafin abin a Filato ya tambayi kansa yadda ake yi wa wanda aka haifa a Sabon Garin Kano ko na Zariya.

Abin lura shi ne magabatanmu sun fi mu fahimtar wannan. Sunayen unguwannin Kano shaida ne: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan fatauci suka zauna. Wangarawa sun shigo tun zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Duk waɗannan baƙi ne da birni ya haɗiye, jikokinsu yau su ne Kanawan da suka fi kowa kishin Kano. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, a Bebeji aka haife shi, ya yi fataucin goro a ƙasar Gwanja kafin ya kafu a birni. Garin da muke alfahari da shi ya girma ne da buɗe ƙofa. Sun kuma ƙirƙiro wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa, domin kowa ya yabi nasa ya tsokani na wani, a ƙare da dariya.

Abin da ya tsinke

Ruwa ba ya tsami banza. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta 30,000, su ninka a lokacin fatauci. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi 8 na birnin da kewaye kimanin mutum miliyan 2.8. Tsarin da aka gina domin mutanen da suka san juna ba zai ɗauki wannan nauyi yadda yake ba. Sababbin unguwanni sun tashi babu fili, babu dandali, yawancin mazaunansu 'yan haya ne da suke tashi bayan shekara biyu ko uku. Daɗewa ta tafi, sanayya ta bi ta. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da ikon gudanarwa, mai unguwa ya zama wanda ake nema idan za a sa hannu a takardar fili.

Mu kuma masu albashi mun zaɓi wani irin gini. Tun da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a Disambar 1991, gidan da ɗan boko yake mafarki shi ne mai doguwar katanga, da waya mai lantarki a samanta, da maigadi a ƙofa. Babu zaure, babu dakali. Yaro yana fita a mota, ya dawo a mota, makarantarsa tana wata unguwa, Islamiyyarsa malami ne yake zuwa gida. Mutum zai shekara biyar a Gwarimfa ko a sababbin rukunan gidajen Kano da Kaduna bai san sunan ɗan maƙwabcinsa ba. Wanda ya fi kowa daɗewa da yaron shi ne 'yar aiki, wadda ita ma yarinya ce da aka rabo da nata garin, sai kuma waya.

Tsoron da ya kai mu nan ba na banza ba ne. A Oktoban 2019 'yan sanda suka sanar da ceto yara 9 da aka sace daga Kano aka kai Anambra. A farkon 2022 ƙasa ta girgiza da labarin yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe a Kano, wato wanda iyaye suka ba amana da hannunsu. Uwar da ta ji waɗannan ta kulle ƙofa, babu mai ganin laifinta. Sai dai katanga tana hana ɓarawo shiga ne kawai. Ba ta hana abin da yake shigowa ta waya, ba ta kuma ganin abin da matashi yake yi a bayanta. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda. A Mayun 2018 gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC ya fallasa yadda ake shansa. Kwalaben nan ba a lungun talakawa kaɗai aka tsince su ba, an tsince su a ɗakunan gidaje masu maigadi, inda babu wata maƙwabciya da za ta ja uwa gefe ta ce, “Hajiya, ki sa ido a kan yarinyar nan.”

Izinin ma mu muka janye shi. Yau idan maƙwabci ya tsawata wa yaro, uba ne zai fito da faɗa, wani lokaci har ofishin 'yan sanda. Bayan an yi haka sau ɗaya ko biyu, kowa ya kama bakinsa. Karin maganar nan ta ɗa na kowa ne tana nan a bakinmu, amma a aikace ɗa ya zama na mai shi, riba da asara duka.

Sakamakon yana bayyana ranar sallah, idan an kai yara gida. Ga sunan gari a takardar haihuwarsu, amma ba su iya gaida kakarsu da Hausar da za ta gamsu ba, ba su san wa ake ce wa baba wa ake ce wa kawu ba, suna ƙirga awannin komawa. Uban yana cika baki da garinsu a intanet, ɗan kuwa baƙo ne a cikinsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Unguwa abar ɗauka ce

Wani zai ce zamani ya wuce, ba za a koma lungu ba. Gaskiya ne, kuma ba kiran komawa nake yi ba. Amma tarihinmu ya nuna cewa unguwa ba ƙasa da jar laka ba ce, tsari ne da ake iya ɗauka a tafi da shi. Fataken da suka bi hanyar goro sun kafa zango a Kumasi, suka kafa Sabon Zango a Ankara. An kafa Sabo ta Ibadan a 1916. Waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 sun kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan. Duk inda suka sauka, abubuwa iri ɗaya suke fara tsayarwa: masallaci, makarantar allo, shugaban da zai raba gardama, da maigidan da zai sauki baƙo ya tsaya masa. Shi ya sa bayan shekara ɗari za ka tarar da yaro a Kumasi yana Hausa, yana rusunawa idan zai gaida babba. Mutanen da suka yi wannan da jakuna da ƙafa suka yi tafiya, a cikin waɗanda ba su jin harshensu. Mu da muke da mota da albashi, tsakanin Abuja da gida tafiyar yini ɗaya, ba mu da uzurin da ya kai nasu.

Abin da ake buƙata shi ne a maido da abubuwan nan uku da gangan, tunda ba za su zo da kansu ba kamar da. Sanayya tana farawa da ƙaramin abu: mutum ya san sunan yara goma a layinsu da iyayensu, su ma su san shi. Kusan kowane rukunin gidaje yana da ƙungiyar mazauna, wadda take taro kan kuɗin masu gadi da gyaran taransifoma. Babu abin da zai hana ta ware fili ɗaya inda yara za su yi wasa da yamma, manya biyu suna zaune kusa bi da bi. Dandali ke nan da dakali, ko da an canza musu suna.

Izini kuwa yanzu sai an furta shi. Uba ya zaɓi maƙwabta biyu ko uku da ya yarda da halinsu, ya gaya musu a gaban yaron cewa suna da damar yi masa faɗa, su kuma kawo rahoto. A nan ne za mu gyara kuskuren da. Izinin na magana ne, ba na duka ba. A kuma koya wa yaro cewa akwai abin da babu babban da yake da ikon yi masa, kuma idan ya kawo ƙara za a saurare shi kafin a saurari sunan gida. Girmama manya da kare yara suna iya zama a gida ɗaya.

Daɗewa ita ce mai wuya ga ma'aikacin da ake yi wa canjin wurin aiki, kuma a nan garin asali yake da amfani. Kwana biyun sallah ba sa gina komai. Dogon hutu a gidan kaka ko gwaggo, shekara bayan shekara, inda tsaro ya ba da hali, shi ne yake sa yaro ya yi abokai, a aike shi, a yi masa faɗa, a san shi. Zumunta a ƙafa take. Harshe kuma a gida ake fara shi: yaron da ba a yi masa Hausa a falo ba, ba zai tsince ta a zauren kakansa cikin mako guda ba.

Sai bashin garin kansa. Yawancinmu makarantar firamaren gwamnati muka yi, a ajin da yau rufinsa ya yaye. Yaran da suke zaune a ƙasa a cikinsa 'ya'yan waɗanda suka tsawata mana ne, jikokin matan da suka ba mu tuwo ba su tambayi ko na wane ne ba. Ƙungiyar ci gaban gari da take tara miliyoyi domin bikin naɗin sarauta za ta iya biyan kuɗin jarrabawar WAEC na ɗalibai hamsin, ta bi sawunsu har su gama. Likita ko injiniya ko lauyan da ya je gida zai iya ba da awa biyu ya zauna da 'yan aji shida, domin yaro ba ya mafarkin abin da bai taɓa gani ba. Kuma idan za a yi, a haɗa da ɗan baƙon da aka haifa a garin, kamar yadda aka haɗa da kakannin da yawa daga cikinmu.

Wanda ya sa sunan garinsu a bayan nasa ya ɗauki alkawari, ko ya sani ko bai sani ba. Mutanen garin sun riga sun cika nasu kason tun yana yawo ba takalmi. Hanyar gane ko ya cika nasa ba ta da wuya: a je layin da yake zaune yau, a nuna masa yaron da yake wucewa, a tambaye shi ɗan gidan wa ne.